Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi kan falwayoyin da ake kafawa a gonakin mutane

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kakakin Majalisa da sauran wakilanmu, ranku ya daɗe. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya na koma noma a ƙasar Gwandu, kuma na zaɓi in rubuto muku a fili inda kowa zai gani saboda takardu biyu da na kai ofis da hannuna har yau ban ji ɗuriyarsu ba, kuma na san abin da ya same mu ya sami mutane da dama daga Kamba har Zuru, sai dai mafi yawansu ba su da mai rubuta musu.

Daminar bara waccan ce, gero ya kai ƙugu, yaron da ke mana kiwon awaki ya sheƙo gida da gudu ya ce Malam ga mota cikin gona. Kafin in isa har an gama haƙa ramuka, wata babbar mota mai ƙugiya ta shiga ta tsakiyar shuka ta yi kwana sau biyu, duk inda tayarta ta bi gero ya kwanta cikin laka ba mai tashi ba, ga falwaya huɗu na kankare an sauke, ga mutum biyu da injin yanka itace sun riga sun kada mangwaro biyu suna kan ɗorawar da ke bakin iyaka. Na yi sallama na ce wa ya aiko ku, shugabansu ko hular kwanonsa bai cire ba ya ce Baba aikin gwamnati ne, doka ta ba mu dama, in kana da magana ka je ofis. Na ce to ina takarda, ya ce ƙasa ai ta gwamna ce.

Gonar nan ta gado ce, mu bakwai ne a kanta da mahaifiyarmu, mata huɗu maza uku, ba a raba ba. Da yamma Inna ta ce sai an kai ta ta gani. Ta dogara sandarta har gindin ɗorawar, ta dafa kututturen da hannu tana kallon inda injin ya bi, ta ce wanga icce tun kan a kawo ni gidan ubanku yake nan, mi munka yi musu. Da kalwar ɗorawar nan take daddawa duk shekara, da kuɗin take sayen sabulu da goro da ɗan abin da take bai wa jikoki ranar sallah ba sai ta tambayi kowa ba. Ƙanena ransa ya ɓaci ya ce da dare zai tara yara su ture falwayoyin tun ƙasar ramin ba ta kama ba, na hana shi, don taɓa kayan wuta babban laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma da ya yi da yanzu mu ne masu laifi su ne masu ƙara.

Ina so ku gane tun yanzu ba wutar muke ƙi ba. Ƙauyen da aka ja layin zuwa can akwai 'yan uwanmu, akwai masu injin niƙa da masu walda da ƙaramin asibiti da ake karɓar haihuwa da fitilar waya, wallahi da an zo an yi sallama an ce ga abin da ake so da ni da kaina zan nuna musu inda za su bi ta gefen burtali, tazarar ba ta kai taku arba'in ba, ba sai an sare ko reshe ɗaya ba. Abin da ke ci min rai shi ne kalmar nan ta "doka ta ba mu dama" da ake jefa wa talaka kamar an rufe ƙofa an sa kwaɗo, alhali in ka buɗe dokar ka karanta za ka tarar ba haka ta ce ba.

Wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya shi ya zaunar da ni ya buɗe min Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 44. Farkon sashen ya ce ba a karɓe wa mutum dukiya da ƙarfi sai ta hanyar dokar da ta tanadi biyan diyya ba da ɓata lokaci ba, ta kuma ba shi damar zuwa kotu. Sai ya gangara da yatsa zuwa 44(2)(m), ya ce Malam ga inda suke dogara. Gaskiya ne, wurin ya yarda a yi dokar da za ta ba hukuma ko wani mutum izinin shiga fili, ya auna, ya haƙa, ya kafa turaku ya ja waya ko ya binne bututu domin wuta ko mai ko ruwa ko sadarwa. Amma jimlar da sharaɗi ta fara, kafin ma a ambaci izinin, wato sai an biya diyya cikin gaggawa kan ɓarnar da aka yi wa gine-gine da itatuwa masu amfani da shuka. Mangwaro da ɗorawa da gero ke nan, kamar wanda ya rubuta ya leƙa gonarmu. Su sai su ɗauki rabin jimlar da ya yi musu daɗi su bar mana ɗaya rabin a cikin littafi.

Haka maganar ƙasa ta gwamna ce. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, sashenta na 1 ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a, kuma mu nan Arewa wannan ba sabon abu ba ne, dokar filaye ta 1962 ma kusan haka ta tsara. Mai riƙon amana kuwa kowa ya san ba mai dukiya ba ne. Sashe na 36 ya amince da wanda ke noma gonarsa a karkara tun kafin 1978 ya ci gaba da riƙe ta kamar an ba shi takarda, ko da bai taɓa taka ofishin filaye ba, to mahaifinmu tun kafin a haife ni yake noma wurin. In gwamnati na son karɓar fili don amfanin jama'a, kuma samar da wuta da sadarwa na cikin abin da dokar ta lissafa, sashe na 28 ya ce jami'in da gwamna ya wakilta ne zai sa hannu a soke haƙƙin, a kuma ba mai filin notis, haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai notis ɗin ya isa gare shi, sashe na 44 na dokar har ya faɗi yadda ake isar da shi, sashe na 29 ya yi maganar diyya. Kotun Ƙoli ta sha rushe karɓar fili saboda ba a ba mai shi notis yadda doka ta ce ba, shari'ar Osho ta 1991 na cikin waɗanda lauyoyi ke kawowa. Mu ba a soke komai ba, ba a kawo takarda ba, ba a faɗa wa mai unguwa ba, mota kawai muka gani.

Lauyan ya ce min wannan kariya ta cewa doka ce ta ba ni iko daga Ingila muka gado ta, kuma ko can ba a taɓa ɗaukar ta a matsayin lasisin yin yadda aka ga dama ba. Ya ba ni labarin wata shari'a ta 1881 a Landan, wata hukuma ta gina asibitin masu cutar agana kusa da gidajen mutane, maƙwabta suka kai ƙara, hukumar ta ce majalisa ce ta ba ta ikon gina asibitoci, alƙalan ƙoli na can suka ce an dai ba ku dama ku gina, ba a umarce ku ku gina a inda zai cuci mutane ba. Ƙa'idar ke nan har yau, ikon doka yana rufe ɓarnar da babu makawa sai an yi ta in har za a yi aikin, amma ba ya rufe sakaci, ba ya rufe wanda ya tsallake matakan da dokar ta gindaya masa. Wanda ya shiga gonar mutum bai bi matakan ba, a idon shari'a mai kutse ne kamar kowane mai kutse, ko da rigar aiki a jikinsa.

To in haka ne me ya hana mu zuwa kotu, na san za ku tambaya. Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne nake so ku tsaya ku saurara da kyau. Akwai tsohuwar dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta ce wanda zai kai ƙarar jami'i ko hukuma kan abin da suka yi a bakin aiki sai ya shigar cikin wata uku. Mu kuma yadda aka rene mu ba a fara da kotu, mai unguwa za ka fara samu, shi ya kai ka wurin hakimi, hakimi ya ce a bari uban ƙasa ya dawo daga tafiya, uban ƙasa ya rubuta takarda, a ce ka dawo bayan sati biyu injiniya baya nan, ka dawo a ce fayil ɗin na hedikwata, ga damina ga noma na biyu ga kuɗin mota, kafin ka farga wata uku sun wuce kana cikin bin hanyar mutunci. E, lauya ya ce kotuna sun ce dokar ba ta shafi ƙarar neman fili ba, kuma cutar da ke ci gaba lissafinta daban ne, amma sai an yi gardamar a gaban alƙali tukuna, bayan ita a yi gardamar wace kotu ce ke da hurumi, ta jiha ko ta tarayya, bayan ita a yi ta waye ma ya yi aikin, ɗan kwangila ya ce an ba shi zane ne kawai, mai wuta ya ce ba a miƙa masa layin ba tukuna, wanda ya ba da kwangilar ya ce aikin ya bar hannunsa. Shekara nawa ke nan, kuma da wane kuɗi? Manomin da zai sayar da buhun shinkafa biyar don ya bi haƙƙin mangwaro biyu ya san lissafin bai fita ba, su ma sun san ya sani, shi ya sa ba sa jin ɗar.

Sannan akwai asarar da ba a gani ranar farko. Ƙa'idar da hukumar NEMSA mai sa ido kan ingancin kayan wutar lantarki ke aiki da ita ta ce a bar faɗin mita 11 a ƙarƙashin layi mai ƙarfin kilobolt 33 ko 11, mita 30 ga na 132, mita 50 ga na 330. Layin da ya ratsa mu na 33 ne, na sa an auna min tsawonsa cikin gonar mita 180, ku ninka da 11, ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na hekta, wurin da har abada ba mai dasa itace ba mai yin gini, kuma gari na matsowa ta wannan gefen, ƙannena mata da ke sa ran in an raba su sami filin da 'ya'yansu za su gina, wa zai yarda rabonsa ya faɗo ƙarƙashin waya? Rigimar da ba mu da ita a gida an shigo mana da ita. Kuma abin da zai ba ku mamaki, masu kafa turken sadarwa na wayar salula in sun zo zama suke da mai fili a yi ciniki a rubuta haya, don me mai jan wuta ko mai binne bututun ruwa ko kebul ɗin intanet zai ga shi ko sallama ta fi ƙarfinsa?

Mu Musulmi ne mafi yawanmu, kuma addini bai bar wannan babi ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kuma kada wani ya ce ai Musulunci bai san hanyar amfanin jama'a ba, ya sani sarai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Dahhaku ɗan Khalifa da ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, aka kai gaban Sayyadina Umar, a ƙarshe Umar ya tilasta a bar ruwan ya wuce. Amma ku duba yadda aka yi, an fara neman izinin mai gona, da ya ƙi aka je gaban shugaba, shugaba ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya nuna masa cewa ruwan ba zai cuce shi ba hasali ma zai sha daga ciki farko da ƙarshe, sannan aka yanke hukunci. Ba a wayi gari an tarar da rami a gonarsa ba. Kuma mu da muke ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu yake kwance, mutumin da ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da hurumi, bai kamata a ce sai an koya mana wannan daga waje ba.

Jihar nan ta daɗe tana biyan kuɗin wuta da ƙasarta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 an tada mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da tsibirai, da yawansu mutanen ƙasar Yauri ne, Gungawa da sauransu, aka bar gonaki da kaburbura a ƙarƙashin ruwa. Babban layin 330 da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi ya yi tafiyar sama da kilomita 300 ta kan gonakin mutane, daga Birnin Kebbi wani ya wuce Sakkwato wani ya tsallaka Yamai a Nijar. Ba wanda zai ce mutanen Kebbi sun yi rowar ƙasa. Tun zamanin NEPA ake shiga gonaki da sunan gwamnati, to a Nuwamban 2013 an sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, yanzu layin da ke kan gonata mita yake juyawa wani yana karɓar kuɗi duk wata, amma maganar da ake faɗa wa manomi ba ta sauya ba ko da harafi ɗaya.

Zan faɗi namu laifin ma don kada a ce na ɓoye. Akwai waɗanda aka biya iyayensu diyya shekaru da suka wuce, su kuma suka dawo suka yanka filin da ke ƙarƙashin babban layi suka sayar, aka gina shaguna da gidaje har da masu ɗora rufin kwano dab da waya, wannan ganganci ne da rai, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma in an zo rushewa ba ni da bakin kare su. Akwai kuma masu jin za a ja layi su kwana suna dasa itatuwa don a ƙirga musu. Amma duk wannan rashin rubutu ne ke jawo shi, ba wanda ya san wa aka biya, nawa aka biya, daga ina zuwa ina aka saya, in tsofaffin da suka shaida sun rasu shi ke nan kowa ya faɗi nasa.

Yanzu kuna da ikon da magabatanku a wannan zaure ba su samu ba. Gyaran Kundin Tsarin Mulki da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, da Dokar Wutar Lantarki da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun buɗe wa jihohi ƙofar yin dokarsu ta wuta, ga shi kuma harkar filaye dama a hannun jiha take. Ina roƙonku duk dokar da za ta bi ta hannunku kan wuta ko ruwa ko filaye ku sa mata babi guda na mai gona. A wajabta notis a rubuce da Hausa, boko da ajami, har da harsunan mutanenmu na Zuru da Yauri inda ake buƙata, a miƙa shi hannu da hannu a gaban mai unguwa da kwanaki isassu kafin mota ta shigo, kuma in ba gyaran gaggawa ba ne a jira a cire amfanin gona, wata biyu ba ya kashe kwangila. A ƙirga itatuwa da shuka mai gona na tsaye, a ba shi kwafin takardar, a biya kafin a sa injin yanka ba bayan an sare ba, don kututture ba ya faɗin shekara nawa itace zai yi yana ba da 'ya'ya. Farashin da ma'aikatar filaye ke ƙiyasta itace da shuka da shi a riƙa sabunta shi yana bin kasuwa, a kuma lika shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 21 da muke da su kowa ya gani.

Wanda ya fi damuna shi ne na wata ukun nan. Ku rubuta ƙarara cewa kwanakin da mutum ya yi yana bin hakimi da uban ƙasa da ofis ba sa cikin lissafi, ko kuma ku samar da ɗan kwamiti a kowace masarauta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, mai wakilin sarki da safiyo da alƙali mai ritaya, wanda zai saurari irin wannan koke ba tare da lauya ba ya yanke cikin ƙayyadadden lokaci, wanda bai gamsu ba ya wuce kotu. Kuma a bayyana sunan wanda alhakin ke wuyansa tun a cikin notis ɗin, in ɗan kwangila ya yi ɓarna a san wanda za a kama, kada a bar manomi yana zagaye ofis uku kowa na nuna masa na gaba. Sai rajista, littafi guda a ƙaramar hukuma da zai nuna ta gonar wa layi ya bi, faɗinsa nawa, wa ya karɓi diyya a gaban wa, wannan zai kare ku gwamnati daga masu dawowa neman biya na biyu kamar yadda zai kare mu.

Game da tamu gonar, falwayoyin suna nan, wuta na wucewa, ba mu taɓa su ba kuma ba za mu taɓa ba. Ina da hotunan da ɗana ya ɗauka da waya ranar da aka shigo, da kwafin takardun nan biyu masu hatimin karɓa, da mai unguwa da maƙwabtan gona uku da suka ce a shirye suke su yi shaida. Ina roƙon kwamitinku mai karɓar koke-koken jama'a ya sa rana ya kira zaman sauraro a buɗe, a sanar a rediyo da Hausa don waɗanda abin ya shafa a sauran ƙananan hukumomi su zo da nasu, zan zo Birnin Kebbi da kuɗin motata. Inna ta ce in an sa ranar a tafi da ita, tana so ta faɗa da bakinta shekara nawa ta yi tana tsintar kalwa a gindin ɗorawar nan.

Wassalam.

Naku,
tsohon malamin makaranta kuma manomi, daga ƙasar Gwandu.